Kama da Wane Ba Ta Wane: Tsokaci a Kan Kuskure da Amana a Dokokin Wasan Golf

Gabatarwa

Akwai wata tambaya da ta daɗe tana ci mini tuwo a ƙwarya, wadda kuma na tabbata duk wanda ya taɓa gyaran takardun jarrabawa, ko ya taɓa sa hannu a wata takarda mai muhimmanci, ya yi karo da ita. Tambayar ita ce: shin adalci ne a hukunta mutum a kan kuskuren da kowa ya shaida ba da gangan ya yi shi ba, bai kuma yi shi don ya ƙwari wani ba? Da yawa daga cikinmu za mu yi saurin cewa a'a, domin mun saba auna laifi da ma'aunin niyya. Manufar wannan maƙala ita ce ta nuna cewa amsar ba ta kai haka sauƙi ba. Zan kafa hujja da wani fage da mai karatu ba zai yi tsammani ba, wato dokokin wasan golf, wanda wasu kafofin labarai namu suke kira ƙwallon lambu. Dokoki biyu kawai zan ɗauka: dokar shaida ƙwallo da dokar rubuta lissafin bugu.

Yadda Wasan Yake

Mafi yawanmu ba mu san wannan wasa ba sai dai ta hange, in mun gitta ta gefen filinsa a Kano ko Kaduna ko Jos ko Ikoyi ta Legas. Saboda haka ya kamata a ɗan share fage. Cikakken filin golf yana da ramuka 18. Ɗan wasa yana bugun ɗan ƙaramin farin ƙwallo da sanda, daga mafari har ya jefa shi cikin rami, sa'an nan ya wuce rami na gaba. Kowane bugu ana ƙirga shi, kuma wanda ya gama da bugu mafi ƙaranci shi ne ya yi nasara. A manyan gasanni akan zagaya filin sau huɗu cikin kwana huɗu, wato ramuka 72 ke nan. Idan mutum ya karya doka, sai a ci shi tara, ita kuwa tarar bugu ce ake ƙara masa a kan lissafinsa, ɗaya ko biyu.

An fara rubuta dokokin wasan a shekarar 1744 a Leith, kusa da birnin Edinbara na ƙasar Sikotilan, kuma a lokacin guda 13 ne kacal. A yau hukumomi biyu ne suke kula da su tare: R&A mai mazauni a St Andrews, da USGA ta Amurka.

Abin da ya bambanta golf da ƙwallon ƙafa shi ne rashin alƙali mai usur da ke bin kowane ɗan wasa. A babbar gasa 'yan wasa sukan haura 150, a warwatse bibbiyu ko uku-uku cikin fili mai faɗin gaske, wani a bayan itatuwa, wani a cikin kwari. Mutumin da ya fara da sassafe yana takara ne da wanda zai fara da azahar, ba kuwa za su ga juna ba. Akwai alƙalai a filin, amma galibi sai an kira su suke zuwa. Ke nan ɗan wasa shi ne ɗan sandan kansa, shi ne kuma mai shaida a kan kansa. Wannan ne tushen duk abin da zai biyo baya.

Shaida Ƙwallo

Ƙwallayen golf kusan duk farare ne, girmansu ɗaya, kuma 'yan kamfanoni kaɗan ne suke yin waɗanda ƙwararru suka fi amfani da su. Yana da sauƙi ƙwarai mutum biyu su buga iri ɗaya mai lamba ɗaya. Don haka doka ta shawarci kowa ya yi wa nasa wata shaida da alƙalami: ɗigo, ko zane, ko harafin sunansa, kamar yadda mai tumaki yake shafa wa nasa launi kafin ya kai su kasuwa. Shawara ce kawai, ba a cin tarar wanda bai yi ba. Sai dai nauyin gane ƙwallo yana wuyan mai shi. Idan ya tarar da ƙwallaye biyu masu kama ɗaya a wuri guda, ya kasa tantance nasa, to a idon doka nasa ya ɓace, ko da kuwa kowa ya san ɗaya daga cikin biyun nasa ne. Tilas ya koma inda ya yi bugun baya, da tarar bugu ɗaya. Haka nan idan ya yi minti uku yana nema bai gani ba. Kafin shekarar 2019 minti biyar ake bayarwa.

Doka ba ta bar shi cikin duhu ba. In yana shakka, an yarda ya ɗaga ƙwallon ya duba, muddin ya fara sa alama a gurbinsa, bai goge shi fiye da yadda zai iya gane shi ba, ya kuma mayar da shi inda yake. In kuwa ya yi gaggawa ya bugi na wani, tarar bugu biyu ce ta hau kansa, kuma dole ya koma ya buga nasa. In bai gyara ba har ya fara rami na gaba, an kore shi daga gasar ke nan.

A gasar US Open ta shekarar 2014, a filin Pinehurst, Hunter Mahan na Amurka da Jamie Donaldson na Wales suna wasa tare a rana ta biyu. Ƙwallayensu na kamfani ɗaya ne, shaidar da suka yi musu kuma ta yi kama da juna. Kowannensu ya bugi na ɗan'uwansa, ba su farga ba sai da suka isa kusa da rami. Suka koma baya, kowa ya ɗauki tarar bugu biyu. A wannan gasa, bayan kwana biyu akan sallami waɗanda suke baya, kuma da bugu ɗaya tak Mahan ya kasa tsallakewa. Ba wanda ya ce ɗayansu ya yi niyyar cuta, ba kuma wata riba da suka nema. Duk da haka tarar ta tabbata.

Masu iya magana sun ce kama da wane ba ta wane. Abin da wannan doka take koyarwa shi ne, kalmar "na zaci" ba ta wanke mutum a kan abin da yake da ikon tabbatarwa. Sunkuyawa a duba shaida ba ta cin daƙiƙa biyar. Wanda ya bar ta bai yi ƙarya ba, amma ya yi sakaci da wani haƙƙi da ba wanda zai sauke masa shi.

Sa Hannu a Kati

Doka ta biyu ta fi ta farko zafi. A gasa, ɗan wasa ba ya rubuta lissafin kansa. Kafin a fara sai a yi musayar kati, abokin tafiyarsa, wanda kuma abokin hamayyarsa ne, shi zai riƙa rubuta masa bugun kowane rami. In an gama, mai kati ya duba rami bayan rami, su biyun su sa hannu, a miƙa wa kwamiti. Haɗa jimla aikin kwamiti ne, amma adadin kowane rami alhakinsa yana kan mai kati. Da zarar an miƙa, magana ta ƙare. In adadin da aka rubuta a wani rami ya fi na gaskiya yawa, haka zai zauna, mai kati ya yi asara. In kuwa ya gaza na gaskiya, an kore shi.

Ranar 14 ga Afrilu, 1968, a filin Augusta da ke jihar Jojiya ta Amurka, Roberto De Vicenzo, mutumin Ajantina, ya cika shekara 45 da haihuwa, ranar ce kuma ta ƙarshe a gasar Masters. Shekara guda kafin nan ya ci gasar Open ta Birtaniya. A rami na 17 ya yi bugu uku, a gaban dubban 'yan kallo da masu kallon talabijin. Tommy Aaron, mai rubuta masa kati, ya rubuta huɗu. De Vicenzo ya fito daga rami na 18 ransa a ɓace saboda ya yi asarar bugu a can, ya sa hannu bai duba da kyau ba. Lissafinsa na ranar ya zama 66 maimakon 65, jimlarsa ta zama 278 maimakon 277. Bob Goalby ya gama da 277. Da ba don wannan ba, da sun yi kunnen doki, an sake karawa washegari. Aka ba Goalby kambi.

Abin da ya sa ake tuna De Vicenzo har yau shi ne yadda ya karɓi al'amarin. Bai ɗora wa Aaron laifi ba, bai zagi doka ba. Cikin gurguwar Turancinsa ya kira kansa wawa, ya ce laifin nasa ne. Ga mutumin da wani ne ya yi kuskuren da hannunsa, duniya kuma ta shaida gaskiyarsa, amma ya ce shi ne mai laifi, don shi ya sa hannu.

Ɗaya ɓangaren dokar ya faɗa kan Jackie Pung, 'yar tsibirin Hawai, a gasar US Open ta mata ta 1957 a filin Winged Foot. Ta gama da bugu ɗaya ƙasa da Betsy Rawls, kowa ya ɗauka ta ci. Sai aka ga an rubuta mata biyar a rami na huɗu, alhali shida ta yi. Jimlar da ke katin daidai take, wato ba ta rage ko bugu ɗaya ba a ƙarshen lissafi. Duk da haka aka kore ta. Mutanen wurin suka yi karo-karo suka tara mata kuɗin da ya fi ladan zakara yawa, amma sunan da aka rubuta a tarihi na Rawls ne.

Hujjar Masu Suka

Ba zai yiwu a karanta waɗannan labarai biyu ba tare da zuciya ta sosu ba, kuma masu sukar dokar suna da hujja mai ƙarfi. Suna cewa an yi doka ne don ta tsare gaskiya, to ina amfanin dokar da ta san gaskiya ta kuma tabbatar da akasinta? Kowa ya ga uku, takarda ta ce huɗu, aka bi takarda. Suna ƙarawa da cewa cutar ba ta tsaya kan De Vicenzo kaɗai ba. Goalby, wanda bai yi laifin komai ba, ya sha wasiƙun zagi, nasararsa kuma ta zauna da tabo a idon jama'a. Aaron ma, ko da yake shi da kansa ya ci Masters a 1973, bai rabu da tambayar wancan kuskure ba. Dokar da ta jikkata mutum uku marasa mugun nufi, in ji su, ta cancanci a tuhume ta.

Ban raina wannan hujja ba. Sai dai ina ganin ta dubi rana ɗaya ne, ta mance da sauran ranaku. De Vicenzo ya yi bugunsa a gaban kyamara, amma mafi yawan bugun da ake yi a duniya ba mai ganinsa sai mutum biyu ko uku. Doka kuwa ɗaya ce ga zakara da ɗan koyo. Idan aka buɗe ƙofar gyara kati bayan an miƙa, to sa hannu ya tashi daga shaida ya koma "sai abin da hali ya yi". Mai baki da mai magoya baya za su riƙa samun gyara, wanda ya yi wasansa a lungu ba mai shaida ya rasa. Mutum 150 da ba su ga juna ba suna amincewa da sakamako ne saboda abu ɗaya: kowannensu ya san ɗan'uwansa ya sa hannu, kuma sa hannun yana da tsada.

A lura kuma da yadda dokar ta karkata. Kuskuren da ya cuci mai shi an bar masa kayansa, wanda kuwa zai cuci sauran jama'a an tsananta a kansa. Dalili shi ne kwamiti ba shi da hanyar shiga zuciyar mutum ya bambance mantuwa da wayo. Da ana karɓar uzurin mantuwa, da mai wayo ne zai fi kowa amfani da shi. Saboda haka korar Pung ba tuhuma ba ce a kan mutuncinta. Farashi ne da mai gaskiya yakan biya jefi-jefi domin kada maƙaryaci ya sami mafaka kullum.

Inda Doka Ta Sassauta

Wannan ba ya nufin duk tsanani adalci ne, kuma masu dokar da kansu sun gane haka. A da, wanda ya karya wata doka bai sani ba, ya sa hannu ba tare da ƙara tarar ba, korarsa ake yi in an gano daga baya. Daga 2016 aka daina korar, aka koma ƙara masa tarar da ya tsallake da wata tarar bugu biyu. A watan Afrilu na 2017, Lexi Thompson tana kan gaba a ranar ƙarshe ta gasar ANA Inspiration a Kalifoniya, sai aka tare ta a tsakiyar wasa aka ce an ci ta tarar bugu huɗu. Wani mai kallon talabijin ne ya aiko da saƙo cewa a jiya ta ɗaga ƙwallonta ta mayar da shi ɗan nesa kaɗan da gurbinsa: bugu biyu na wannan, biyu na katin da ta riga ta sa wa hannu. Ta yi ta maza ta kamo, aka yi kunnen doki, So Yeon Ryu ta Koriya ta Kudu ta doke ta a karon raba gardama. Bayan wannan aka taƙaita amfani da hoton bidiyo a kan abin da ido ba zai iya gani ba, daga 2018 kuma aka daina sauraron ƙorafin 'yan kallo, aka soke ƙarin bugu biyun.

Amma ba a taɓa ainihin dokar da ta kama De Vicenzo da Pung ba. A nan ne nake ganin amsar tambayarmu take. An raba kuskure gida biyu: wanda mutum ba shi da hanyar saninsa, da wanda zai sani in da ya kula. Na farko ya cancanci rangwame. Na biyu, kamar yawan bugun da ka yi da hannunka, ko shaidar da ka zana a ƙwallonka, sani ne da aka damƙa maka amanarsa.

Gaskiya da Kula

A shekarar 1974 aka buga laccar Anthony Kirk-Greene a kan mutumin kirki a wurin Hausawa, inda ya jero halayen da ake auna shi da su, ciki har da gaskiya da amana da hankali. Mun saba ɗaukar gaskiya a matsayin kame baki daga ƙarya kawai. Golf yana nuna cewa gaskiyar da ba ta tare da kula gurguwa ce, domin mai sakaci yana iya shaidar abin da ba haka yake ba da zuciya fara fat, ɓarnar kuma ta zama daidai da ta maƙaryaci.

Mutumin da ya fi kowa fito da wannan hali shi ne Bobby Jones. A gasar US Open ta 1925 a Worcester, yana shirin bugu a cikin doguwar ciyawa, sai ya ga ƙwallonsa ya ɗan motsa. Ba wanda ya gani sai shi. Ya ci kansa tarar bugu ɗaya, jami'ai suka nemi ya janye, ya ƙi. A ƙarshe ya yi kunnen doki da Willie Macfarlane, aka sake karawa ta ramuka 36, ya faɗi da bugu ɗaya. Da aka yi ta yabonsa, sai ya nuna yabon bai dace ba, ya kwatanta shi da yaba wa mutum don bai fasa banki ba. A lura, kafin Jones ya faɗi gaskiya sai da ya kula ya gani. Shi ne kuma ya kafa filin Augusta tare da Clifford Roberts, kuma lambar girmamawa da USGA take bayarwa da sunansa saboda kyawun hali, De Vicenzo aka ba a 1970.

Ban rubuta wannan a matsayin ɗan kallo ba. Wasu shekaru da suka wuce, a ƙarshen wani zangon karatu, an kawo mini takardar sakamakon wani kwas da na koyar, bayan an shigar da makin cikin kwamfuta. Ana jira, ni kuma na gaji, na duba shafin farko na sa hannu a sauran. Wani ɗalibi da ya ci 71 aka rubuta masa 17. Kafin a gano, a bi matakan gyara, ya riga ya yi watanni yana ɗauke da faɗuwar da ba tasa ba, ya kuma sha tambaya a gida. Abin da ya fara zuwa bakina shi ne sunan wanda ya shigar da makin. Gaskiya ne shi ya juya lambobin. Amma ba sa hannunsa majalisar sashe ta amince da shi ba, nawa ne. Bambancina da De Vicenzo ɗaya ne, kuma ba ya faranta mini rai: shi kansa ya biya kuɗin sakacinsa, ni kuwa wani yaro ne ya biya nawa.

Kammalawa

An tambaya tun farko ko adalci ne a hukunta mutum a kan kuskuren da ba da gangan ya yi ba. Abin da wannan tsokaci ya nuna shi ne niyya ba ita kaɗai ce ma'auni ba. Akwai tambaya ta biyu da ta wajaba a yi: shin abin yana cikin waɗanda aka ba shi amanar saninsu, yana kuma da ikon dubawa? In haka ne, ɗaukar sakamakon adalci ne, ko da yana da ɗaci, kuma ba ya zubar da mutuncin mai shi. In ba haka ba ne, sassauci shi ne adalci, kamar yadda masu dokar golf suka gane bayan sun daɗe suna tsanantawa.

Ɗalibin da yake rubuta lambarsa a takardar amsa, ko yake ɗauko maganar wani malami ya sa a kundinsa ba tare da ya tantance tasa da ta wani ba, da malamin da yake sa hannu a sakamako, da ma'aikacin da yake buga hatimi, duk suna tsaye ne a inda De Vicenzo ya zauna a wannan yammaci na 1968, alƙalami a hannu, ana jiransu. Ni dai tun daga wancan zango, ba na sa hannu a takardar sakamako sai na ɗauko takardun amsa na bi su suna bayan suna, komai yawan masu jira a bakin ƙofa.